Daga Yamai zuwa Damagaram ta jirgin sama: kilomita nawa, awa nawa?

Ƴan uwa mazauna waje suna yawan yi mana wannan tambaya, musamman wanda aka kira shi cewa jikin tsohuwa ya yi tsanani: in na sauka Yamai, yaushe zan isa Damagaram?

Tsakanin filin jirgin sama na Diori Hamani a Yamai da na Damagaram, in aka miƙe ta sama, kimanin kilomita 740 ne. Ta ƙasa kuwa, a kan babbar hanya mai lamba ɗaya, tafiyar ta kusa kilomita 900, don kwalta sai ta bi ta Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madawa, Maradi da Tasawa. Motar bis in ta tashi da asuba, sai dare ya yi take shiga gari.

Jiragen da ke yin zirga-zirgar cikin gida galibi ƙanana ne masu farfela, suna gudun kimanin kilomita 500 a awa. In aka haɗa da tashi da sauka, sai a ce awa ɗaya da minti 45 zuwa awa biyu. Idan jirgin zai ya da zango a Maradi, wadda ke da nisan kilomita kusan 540 daga Yamai ta sama, to a lissafa kusan awa uku. Agogo ɗaya ne a garuruwan duka, babu abin gyarawa.

Amma fa, jama'a, awa biyun nan na cikin sama ne kawai, kuma nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren lissafi. Filin jirgin Yamai yana bayan gari ta kudu maso gabas, kuma ana son matafiyi ya iso da wuri don awon kaya da duba takardu. Ba kowace rana ake samun jirgin Damagaram ba. Wanda ya sauka daga Faransa ko Saudiyya da dare, kwana a Yamai ya kama shi, wani sa'in ma har kwana biyu, alhali bis tana tashi kullum. Saboda haka shawararmu ita ce a fara tambayar ranar jirgin cikin gida kafin a yanki tikitin dogon zango. Kaya ma a kula: ƙaramin jirgi yawanci ba ya yarda da nauyin da babba ya yarda da shi, tsarabar da ta wuce kilo sai an biya.

Sai kuma hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in ƙurar hunturu ta rufe sama har matuƙi ba ya hangen fili, ana jinkirta tashi ko a soke tafiyar gaba ɗaya.

Mutanenmu na karkara kuma, Damagaram ba ita ce ƙarshen tafiya ba. Mirya kusa take, kimanin kilomita 20, amma mai zuwa Magarya yana da sauran kusan kilomita 100 a gabansa. Masu tarbar baƙo su bari sai ya kira daga bakin jirgi ya ce an fara shiga, sannan su kama hanya.