Tarihin Kafuwar Lambar Yabo ta Guillermo Cano

A daren 17 ga Disamba, 1986, wani dattijo ɗan shekara 61 mai suna Guillermo Cano Isaza, editan jaridar El Espectador, ya fito daga ofis a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, ya shiga motarsa da niyyar komawa ga iyalinsa, sai 'yan bindiga biyu bisa babur suka buɗe masa wuta, ajali ya cim masa a ƙofar gidan jaridar da kakansa, Fidel Cano, ya assasa tun 1887. Sababin kisan kuwa shi ne ya ƙi kame alƙalaminsa game da fataken hodar iblis na birnin Medellin, musamman madugunsu Pablo Escobar, wanda dukiyar haram ta kai shi har cikin majalisar dokoki, sai Cano ya tono tsohon labarin kamun da aka yi masa da ƙwaya a 1976, ya sake buga shi tare da hotonsa, asiri ya tonu. Kisan ma bai kashe musu ƙishirwa ba, domin a Satumba na 1989 sun tayar da bam a harabar jaridar, amma duk da haka ba ta daina fitowa ba.

Ana cikin wannan zamani ne 'yan jaridar Afirka suka hallara a Windhoek, babban birnin Namibiya, wadda ba ta daɗe da samun mulkin kai ba, ƙarƙashin inuwar UNESCO, hukumar ilmi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka yi muhawara ta kwanaki, a ranar 3 ga Mayu, 1991, suka yi ittifaƙi a kan cewa al'umma ba ta samun adalci ko ci gaba sai da jaridu masu zaman kansu, masu yawa, waɗanda ba sa jiran umarnin hukuma kafin su yi magana. Wannan matsaya ce ta zama asasi, har Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar a Disamba na 1993 cewa 3 ga Mayu ta zama Ranar 'Yancin Jarida ta Duniya.

Da rana ta tabbata, sai aka ga ya wajaba a riƙa ambaton gwanayen da suka ɗanɗana kuɗarsu saboda wannan 'yanci, tun da yabon gwani ya zama dole. Don haka a 1997 Majalisar Zartarwa ta UNESCO ta kafa lambar yabo, ta raɗa mata sunan Cano, gidauniyar iyalinsa kuma ta shiga cikin masu ɗaukar nauyinta, daga baya gidauniyar Helsingin Sanomat ta ƙasar Finland da wasu suka sa hannu. Ƙa'idarta ita ce ƙasashe da ƙungiyoyi su gabatar da sunaye, kwamitin alƙalai mai cin gashin kansa, na ma'abota sana'ar jarida, ya tace, ya miƙa wa shugaban hukumar wanda ya cancanta, a ba shi dala 25,000 a bikin ranar, wanda ake kewayawa da shi daga ƙasa zuwa ƙasa.

Wanda ya bi silsilar waɗanda suka samu wannan lamba zai ga wani al'amari mai sa tsikar jiki ta tashi, wato sau da yawa ana kiran sunan gwani alhali kujerarsa ba kowa. Gao Yu ta ƙasar Sin, wadda aka fara ba a 1997, tana kurkuku aka ambace ta. A 1998 kuwa aka zaɓi 'yar Nijeriya, Chris Anyanwu, mai mujallar TSM, wadda kotun soja ta yanke wa ɗaurin rai da rai a 1995, zamanin Janar Sani Abacha, saboda abin da ta buga game da zargin juyin mulki, daga baya aka mayar da hukuncin shekara 15. Tana tsare, ganinta ya yi rauni, aka yi bikin ba tare da ita ba, kuma cikin watan Yuni na shekarar gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta sake ta, har ta zama sanata a 2007. Anna Politkovskaya ta Rasha a 2007, da Lasantha Wickrematunge na Sri Lanka a 2009, su kam bayan an kashe su aka karrama su.

Da tafiya ta yi tafiya, da'irar lambar ta faɗaɗa. A 2017 aka ba Dawit Isaak, wanda gwamnatin Eritiriya ta tsare tun 2001 ba tare da shari'a ba. A 2018, a bikin Accra, aka ba mai ɗaukar hoto Mahmoud Abu Zeid, wanda aka sani da Shawkan, yana gidan yari a Masar. A 2022 aka ba ƙungiya sukutum, ta 'yan jaridar Belarus. A 2024 kuma aka ba 'yan jaridar Falasɗinu masu kawo labarin Gaza, waɗanda da yawa daga cikinsu suka rasa rayukansu suna bakin aiki. Nauyin lambar ya ƙara bayyana a 2025, lokacin da aka ba jaridar La Prensa ta Nikaraguwa, gwamnatin ƙasar ta fusata har ta ba da sanarwar ficewa daga UNESCO.

Haƙiƙa dala 25,000 ba diyyar rai ba ce, ba ta kuma buɗe ƙofar kurkuku da kanta. Fa'idarta tana wani wuri dabam: babban muradin azzalumi, idan ya kulle marubuci, shi ne mutane su manta da shi, ita kuwa wannan lamba kowace shekara sai ta ɗauko sunan wanda ake son binnewa, ta karanta shi a bainar jama'a, ta wajabta wa jakadu da shugabanni su ji. Waɗanda suka harbe Cano sun yi nufin shafe ambatonsa, ga shi yau, duk 3 ga Mayu, da sunansa ake kiran 'yan'uwansa na alƙalami.