Counter-Strike: Wasan da 'yan kallo suka shirya da kansu

Mai karatu, ka saba jin yadda ake ɗaukar littafin marubuci a mayar da shi fim, ko a ɗauko fim ɗin Indiya a yi masa wankiya. To yau ga wani aron mai kama da wannan, amma a duniyar wasannin kwamfuta, inda wasu samari biyu suka ari kayan aikin wani kamfani, suka ɗinka abin da ya zo ya fi na mai kayan farin jini.

A 1998 kamfanin Valve na ƙasar Amurka ya fitar da wani wasa mai suna Half-Life. Irin wasan nan ne da ba ka ganin jarumin, domin kai ne jarumin: abin da idonsa ke gani kake gani a allo, ga bakin bindiga a gabanka. Valve bai kulle ƙofa ba, ya saki kayan aikin da ya yi wasan da su, duk mai basira ya taɓa. Wannan kwaskwarima da masoya ke yi wa wasa ita Turawa ke kira "mod", kuma daɗaɗɗiyar al'ada ce, tun zamanin Doom na 1993 da Quake na 1996 ake yin ta.

Cikin waɗanda suka taɓa akwai Minh Le, haifaffen Biyetnam da ya tashi a Kanada, ɗalibi a Jami'ar Simon Fraser, wanda aka fi sani da laƙabin Gooseman. Ba sabon shiga ba ne, ya riga ya yi aiki a wata kwaskwarima mai suna Action Quake 2. Shi ya rubuta dokokin wasan, ya zana bindigogi da mutane. Abokinsa Jess Cliffe, Ba'amurke, shi ya riƙe harkar jama'a da yaɗa wasan, kuma muryarsa ce ake ji a rediyon cikin wasan tana ba da umarni. A watan Yuni na 1999 suka saki gwajin farko, kyauta, da sunan Counter-Strike.

To me ya bambanta shi? A wasannin harbi na lokacin, in an kashe ka, nan take za ka sake tashi ka ci gaba da ɓarin wuta, mutuwa ba ta da wani nauyi. Minh Le ya ce a'a. An raba 'yan wasa gida biyu, 'yan ta'adda da jami'an da ke yaƙarsu, kuma duk wanda ya faɗi ya faɗi ke nan har zagayen ya ƙare. Sai dai ya zauna ya zama ɗan kallo. Ka san yadda gidan kallo ke yin tsit idan jarumi ya rage shi kaɗai a tsakiyar abokan gaba? Haka nan, sai dai 'yan kallon abokanka ne huɗu da suka riga ka mutuwa, sun zuba maka ido, kuskure ɗaya ka ja musu asara.

Sai kuma batun kuɗi, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan wasan. Kowa na farawa da dala 800, wadda da ƙyar za ta wuce ƙaramar bindiga ko rigar sulke. Ka kashe abokin gaba a ba ka lada, ƙungiyarku ta ci zagaye a ba ku mai tsoka, kuma aljihu ba ya wuce dala 16,000. A tsohon wasan AK-47 dala 2,500 ce, ita kuwa AWP, mai hangen nesa da ke kayar da mutum da harsashi guda, 4,750. In ka mutu, bindigarka ta zama ta wanda ya tsinta. Shi ya sa za ka ga ƙungiya ta haƙura ta shiga zagaye da ƙananan bindigogi, ta san da wuya ta ci, don dai ta tara na zagaye mai zuwa. Tsimi da tanadi a tsakiyar filin daga! Ita ma bindigar ba ta yarda da gaggawa: ka danne kunama, bakinta ya yi sama, ka harba kana gudu, harsashi ya tafi inda ya ga dama. Hatta sawunka ana ji, sai in ka yi sanɗa.

Da farko aikin ɗaya ne, ceto mutanen da aka yi garkuwa da su. A ƙarshen 1999 aka ƙara dasa bam: wani ɓangare ya dasa a ɗaya daga wurare biyu, ɗaya ɓangaren ya kwance kafin ya tashi. Kwancewar daƙiƙa 10 ce, ko 5 in ka sayi kayan aiki. Filayen da ake fafatawa a ciki kuwa, yawancinsu 'yan wasa ne suka zana suka aiko. Wanda ya fi shahara, Dust, wani matashi ɗan Ingila mai suna Dave Johnston ne ya zana shi tun bai kai shekara 20 ba, sannan ya biyo shi da Dust II a 2001.

Ina ribar Valve a nan? A wancan lokacin ba ka iya buga Counter-Strike sai ka mallaki Half-Life, saboda haka kyautar samarin nan ta riƙa sayar wa kamfanin hajarsa. Maimakon ya kai su kotu, a 2000 sai ya sayi haƙƙin wasan, ya ɗauki su biyun aiki, ya fitar da shi kasuwa a watan Nuwamba. Marubucin da ya taɓa ganin labarinsa a fim babu ko sunansa zai fahimci girman wannan. Amma fa daga ranar, wasan ya bar hannun masu shi. Valve ne ya yi amfani da shi wajen jawo jama'a zuwa shagonsa na intanet, Steam, a 2003, shi ne kuma ya fitar da Source a 2004, da Global Offensive a 2012, da Counter-Strike 2 a 2023, wanda har yanzu ana fafatawa a Dust II a cikinsa, a gasannin da ake cin maƙudan kuɗi.

Shi kuwa Gooseman, bayan wasu shekaru ya bar Valve, ya koma Koriya ta Kudu ya yi wani wasan harbin nasa na kansa, Tactical Intervention. Ya fito a 2013, bai yi kasuwa ba.