Farkon Wasiƙar Kwamfuta a Nijar

A shekarar 1971, wadda kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da yuraniyam a Arlit, Ray Tomlinson ya aika wasiƙa tsakanin kwamfutoci biyu a Amurka, amma sai da aka ɗauki kusan shekara ashirin kafin wannan fasaha ta iso Yamai ta hanyar RIO, sadarwar cibiyar binciken Faransa mai suna ORSTOM a lokacin. A wancan zamani, mai aikawa yakan buga umarni a allon da babu komai cikinsa sai haruffa, sannan tsarin UUCP, wato dabarar tara saƙonni a tura su lokaci guda ta layin tarho, ya isar da su, domin kiran ƙasashen waje yana da tsada.