Tundra: abin da zafin duniya ke yi wa ciyawar ƙasar ƙanƙara

Yau za mu leƙa tundra, wato dajin da ba shi da manyan itatuwa a ƙarshen arewacin duniya: Alaska, Kanada, Girinlan da Saberiya ta Rasha. Ƙarƙashin ƙasar daskare yake shekara da shekaru, sama-sama kawai ke narkewa in sanyi ya wuce.

Saboda sanyi, ganye da saiwa ba sa ruɓewa da wuri, shi ya sa tsirrai ke ƙarancin azot, sinadarin nan na takin yuriya. To amma tun 1979 yankin na ɗumama kusan ninki 4 bisa sauran duniya. In ƙasa ta narke, ruɓa na sauri, azot ya samu.

Sai dai ba kowane tsiro ke cin riba ba. A tashar bincike ta Toolik, a Alaska, da aka zuba taki, gajerun itatuwa suka yi tsawo suka shanye hasken rana, gansakuka ta ja baya. Ita kuwa ce abincin karibu, barewar ƙanƙara, lokacin sanyi.

Akwai kuma maganar lokaci. Makiyayanmu sun san ɗanyar ciyawar farkon damana ta fi ƙiba dabba. A yammacin Girinlan ciyawa na tsirowa da wuri, amma karibu ba su sauya lokacin haihuwa daidai da ita ba. Uwa ta haihu ƙarfin ciyawa ya fara raguwa, ƴaƴa da yawa ba sa rayuwa.

Allah ya kyauta.