Bindiga Ta Gidan Waya: Yadda Amurka Ta Rufe Wata Ƙofa

Mai karatu zai yi mamaki in ya ji cewa an yi zamani a Amurka da mutum zai zauna a ɗakinsa ya cike takarda, ya haɗa da kuɗi ya jefa a gidan waya, bayan 'yan kwanaki a kawo masa bindiga kamar yadda ake kawo littafi. Ba mai ganin fuskarsa, balle a bincika halinsa.

A shekarar 1927 ne majalisar dokokin ƙasar ta fara taɓa wannan ciniki, inda ta hana mutane aika ƙaramar bindiga, watau irin wadda ake ɓoyewa a aljihu, ta gidan waya. Sai dai dokar ta tsaya ne a gidan waya kawai. Kamfanonin dakon kaya masu zaman kansu suka ci gaba da ɗauka, doguwar bindiga kuwa ba a ce mata uffan ba.

Ta wannan kafa Lee Harvey Oswald ya bi. A watan Maris na 1963 ya aika wa kantin Klein's da ke Chicago dala 21.45 da sunan ƙarya, A. Hidell, aka turo masa tsohuwar bindigar sojan Italiya samfurin Carcano, da madubin hangen nesa, zuwa akwatin gidan waya a Dallas. Libarbarsa kuma kamfanin dakon kaya ne ya kawo ta daga Los Angeles. Ran 22 ga Nuwamba na shekarar aka harbe Shugaba John Kennedy, kuma Hukumar Warren ta ce da bindigar nan aka yi aikin.

Tun kafin kisan Sanata Thomas Dodd ya gabatar da ƙudurin taƙaita wannan ciniki, amma aka yi ta jan ƙafa shekara biyar. Sai da aka kashe Martin Luther King a Afrilun 1968, da Robert Kennedy a watan Yuni, sa'an nan majalisa ta motsa. Abin lura a nan, ba ɗaya daga cikin makasan biyu da ya sayi bindigarsa ta wasiƙa. Wanda ya harbi King ma kanti ya shiga a Birmingham ya saya.

Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar ran 22 ga Oktoba, 1968. Ta hana wanda ba shi da lasisi aika wa wani irinsa bindiga a wata jiha. Dole ta bi ta hannun ɗan kasuwa mai lasisin gwamnatin tarayya a jihar mai karɓa, shi kuma ya rubuta sunan mai karɓar a littafinsa. An bar wa mai bindiga damar aika ta wurin maƙeranta don gyara a maido masa, an kuma ware tsofaffin bindigogin da aka ƙera a 1898 ko kafin nan.

Johnson ya nemi a yi wa kowace bindiga rajista, a kuma ba kowane mai ita lasisi. Majalisa ta ƙi, shi kuwa ya fito fili ya nuna takaicinsa a ranar sa hannun.