Daga kogin Hudson zuwa 741: tarihin na'urar ninka lantarki

A watan Agustan 1927, injiniyan Bell Labs Harold Black yana cikin jirgin fito a kogin Hudson, zai je aiki New York, sai dabara ta faɗo masa, ya zana ta a jikin jaridar da ke hannunsa. Abin da ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya shi ne wayar tarho mai dogon zango: kowace amfilifaya da ke kan layi tana ƙara wa murya ƙarfi, amma tana jirkita ta. Sai ya ce a ɗebo kaɗan daga abin da ya fito, a mayar da shi mashiga a juye. Ƙarfin zai ragu, amma zai tsaya daram, kuma rizistoci ne za su yanke yawan ninkin. Masu rajistar ƙirƙira sun yi ta jan ƙafa, sai a 1937 aka ba shi takardar mallaka.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya mayar da dabarar abin lissafi. A 1941 Karl Swartzel, shi ma na Bell Labs, ya tsara amfilifaya mai tara lantarki daga wayoyi da dama ta ba da jimilla. Ita aka sa a M9, na'urar saita bindigogin kakkaɓo jirage, wadda ta taimaka wajen harbo bama-baman V-1 na Jamus a 1944.

A nan daɗin abin yake. A ce ma'aunin zafi a masana'anta yana ba da bolt 1 zuwa 5, kwamfuta kuwa tana son 0 zuwa 10. Sai a cire bolt 1, a ninka saura sau 2.5. Amfilifaya ɗaya mai mashiga biyu da rizistoci huɗu sun isa: biyu masu om 10,000, biyu masu 25,000, da tsayayyen bolt 1 a ɗaya mashigar. Injiniya kan fi damuwa da ingancin rizistocin nan, domin kuskurensu kai tsaye yake bayyana a sakamako.

Bayan yaƙi George Philbrick ya shigo kasuwa da amfilifayar K2-W mai bawul biyu. A 1965 Bob Widlar na kamfanin Fairchild ya fito da 709 a ɗan guntun silikon, amma sai an ɗaura mata kafasito daga waje kafin ta nutsu. David Fullagar ya cusa kafasiton a ciki a 1968, aka samu 741, wadda har yau ake ƙerawa, ɗalibai na koyon aiki da ita.