Yadda tsami ya fita daga giyar Turawa, ya kuma dawo da tsada

Kafin ƙarni na 19, da wuya a sami giya a Turai da ba ta da ɗan tsami. Iska ce ke kawo shi. Duk matar da ta taɓa kwana da madara a ƙwarya ta san abin: ƙwayoyin da ido ba ya gani su faɗa ciki, gari na wayewa an sami nono. Haka tsamin burkutun dawa yake samuwa. Giya haramun ce ga Musulmi, wannan ba a gardama a kansa, amma tarihin sana'ar yana da abin da ya shafe mu.

A 1876 Louis Pasteur na Faransa ya wallafa bincikensa kan giya, inda ya nuna cewa wasu ƙwayoyi ne ke tsamar da ita. A 1883 kuma Emil Christian Hansen, a ɗakin binciken Carlsberg da ke Danmak, ya ware irin yisti guda ɗaya tak, ba gauraye. Daga nan masana'antu suka sami abin da suke nema, wato ganga dubu ɗanɗano ɗaya. Tsami ya koma aibi, alamar ƙazanta da rashin iya aiki.

Wasu tsirarun masu sana'a a kewayen Brussels ta Beljiyam suka ƙi bin yayi. Giyarsu, lambic, alkama da sha'ir ake dafawa, a juye ruwan a wani faffaɗan faranti, a bar shi a buɗe ya kwana yana shan iskar dare. Sai lokacin sanyi ake yin ta, domin zafi na ɓata ta. Daga nan a zuba a gangunan katako, a jira shekara ɗaya zuwa uku. Wa ke da wannan haƙurin a kasuwar da ake tsere? Gidajen suka yi ta rufewa. Gidan Cantillon, wanda aka kafa a 1900, sai da ya mayar da kansa gidan tarihi a 1978 don ya tsira. A Leipzig ta Jamus, giyar gose, mai tsami da ɗan gishiri, ta ɓace a 1966, ba a farfaɗo da ita ba sai shekarun 1980.

Ƙananan masu haɗa giya na Amurka ne suka ƙara wa kasuwar wuta. A 2007 kamfanin Allagash a jihar Maine ya gina irin wancan buɗaɗɗen faranti, abin da kimiyya ta kora tun shekaru ɗari da suka wuce.

Abin da ke damuna shi ne, ilimin tsami da Turawa suka kusa yarwa, a gidajenmu yake har yau, a kunun zaki, a kindirmo, a ƙullin koko. Mata ne ke riƙe da shi a ka, ba a takarda ba. Masu bincike a jami'o'inmu, ku je ku zauna da su ku rubuta shi tun suna raye.